Kwamfuta ta biyar

Ranar 10 ga Afrilu, 1981, John Young da Robert Crippen suna kwance rigingine a cikin kumbon Columbia a jihar Fulorida, an ɗaure su tamau a kujerunsu, an cika tanki da mai, 'yan jarida sun yi dafifi suna jira. Saura kamar minti ashirin a tashi aka ce a dakata. Injuna lafiya lau, gari garau. Kwamfutoci biyar ne a cikin kumbon, huɗu suna tafiya baki ɗaya, ta biyar ta ƙi shiga sahu. Haka aka sauko da mutanen nan biyu, aka tsiyaye man, aka ɗage tafiya. Sai ranar 12 ga wata suka tashi, ranar da ta zo daidai da cika shekara ashirin da tafiyar Yuri Gagarin, mutum na farko da ya shiga sararin samaniya.

Da injiniyoyi suka bi diddigi, sai suka tarar laifin ba na ta biyar ɗin ba ne. Huɗun nan ne suka kauce da lokaci, kashi 40 cikin 1,000 na sakan guda, kuma tare suka kauce, shi ya sa babu wadda ta ga laifin 'yar'uwarta. Wani ɗan gyara da aka yi wa manhajarsu tun da daɗewa ne ya bar kafa, ta yadda duk lokacin da aka kunna su akwai yiwuwar sau 1 cikin 67 su fara ƙirga da kuskure. An sha gwaji abin bai fito fili ba, sai ranar da duniya ta zuba ido. Maganin da aka yi a ranar shi ne wanda kowane yaron shago ya sani: a kashe, a sake kunnawa.

Ni mai gyara ne. Da rediyo da talabijin na fara, yanzu inbata da kayan sola sun fi yawa a kan teburina. Ban taɓa taɓa jirgin sama da hannuna ba, amma na daɗe ina karanta labarin kwamfutocin da ake ɗora wa jiragen yaƙi da kumbuna, kuma a cikinsu duka babu wanda ya tsaya mini a rai kamar tsarin nan na huɗu da ɗaya.

Sunan kwamfutar AP-101, ƙirar kamfanin IBM, daga masana'antarsa ta garin Owego a jihar New York. Ba domin sararin samaniya aka fara ƙera danginta ba. 'Yar gidan soja ce. Tana cikin zuriyar da IBM ya sa wa suna System/4 Pi, wadda aka tsago daga manyan kwamfutocin System/360 na bankuna da ma'aikatu, aka matse ta ta shiga akwatin ƙarfe da zai jure jijjiga da zafi da sanyi. 'Yan'uwanta sun yi aiki a jirgin yaƙi na F-15, da jirgin E-3 mai faifan rada a gadon baya, da tashar sararin samaniya ta Skylab da aka harba a 1973. Ita kanta AP-101 an saka wasu nau'o'inta a jiragen sama masu jefa bama-bamai na B-52 da B-1B. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta zaɓe ta ne saboda tana hannu, an san halinta, ba sai an fara daga tushe ba.

Idan ka ji ƙarfinta sai ka yi dariya. Umarni kamar 400,000 take iya aiwatarwa a sakan guda. Ma'adanarta ba ta kai rabin megabait ba, wato hoto ɗaya na wayarka ba zai shiga ba. Kuma ma'adanar nan 'yan ƙananan zobba ce na maganaɗisu da aka saƙa da siraran wayoyi, kowane zobe yana riƙe da ko sifili ko ɗaya. Tana da nauyi, tana cin wuta, amma tana da hali biyu da masu kumbo ke so: ko an ɗauke wuta ba ta mantuwa, kuma ƙwayoyin haskoki masu ƙarfi da ke yawo a sama ba sa juya mata lissafi da sauƙi. Da yake wurin ya yi kaɗan, manhajar ba ta shiga gaba ɗaya. An yanka ta kashi-kashi an ajiye a kaset na maganaɗisu, na tashi daban, na zagayen duniya daban, na dawowa daban. In an gama da wannan sai a loda wancan a kansa.

Kafin a yarda a miƙa mata ran mutane, an bi ta wata hanya da nake jin daɗin labarinta. A sansanin Edwards da ke hamadar Kalifoniya, NASA ta ɗauki tsohon jirgin yaƙin sojan ruwa, F-8, ta zare duk igiyoyin ƙarfe da sandunan da ke haɗa hannun matuƙi da fukafukai, ta dasa kwamfutar da ta rage daga shirin Apollo, irin wadda ta kai mutane duniyar wata. Ranar 25 ga Mayu, 1972, Gary Krier ya tashi da shi. Daga ranar, in matuƙi ya motsa sanda, roƙo yake miƙa wa kwamfuta, ita ce ke yanke yadda fiffike zai motsa. A zango na biyu na gwajin aka cire ta Apollo aka saka AP-101 guda uku, kuma lalacewar da suka riƙa yi a jikin F-8 ta taimaka aka gano rauninsu tun kafin su hau kumbo. Kwamfutar wata ta sauko ta koya wa jirgin yaƙi tashi, kwamfutar jirgin yaƙi kuma ta hau sama da abin da aka koya.

Dole ce ta sa aka yi wannan wahala. Kumbon nan mai fukafukai, wanda Amurkawa ke kira Space Shuttle, ba ya tuƙuwa da hannun mutum zalla. Yana shigowa iskar duniya da gudun da ya ninka na sauti kusan sau 25, ya ƙare a kan titin jirgi da gudun sama da kilomita 300 a awa, kuma ba shi da injin da zai sake ɗagawa in ya kuskure titin. Sauka ɗaya ce tak. Babu igiya ko ɗaya tsakanin matuƙi da fiffike. Kwamfuta ta ɗauke na ɗan lokaci kaɗan a wurin da bai dace ba, to sai dai addu'a.

Ga yadda aka tsara huɗun. A lokacin tashi da lokacin dawowa, dukkansu manhaja ɗaya suke gudanarwa, bayanai ɗaya suke karɓa daga na'urorin auna gudu da tsayi da karkata, ta layukan sadarwa 24 da suka ratsa jikin kumbon. Sau ɗaruruwa a kowane sakan sai su tsaya su jira juna, kowace ta ce ga inda na kai. Wadda ta makara, ko ta zo da amsar da ta bambanta, sauran su daina sauraronta, su kunna fitila a wani ɗan allo mai layi biyar da biyar a saman kan matuƙa, wanda ke nuna wace ce ke zargin wace.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai taɓa ƙarfe, shi ne inda ake yanke hukuncin ƙarshe. Ba a cikin wata kwamfuta ta shida ake ƙirga ƙuri'a ba, domin ita ma tana iya lalacewa. A jikin na'urar da ke tura fiffiken da matsin mai ake yi. Kowace kwamfuta tana da tata ƙofar da take tura mai, huɗun suna tura sanda guda. In ɗaya ta haukace ta ce hagu, uku suka ce dama, ƙarfin uku ya danne na ɗaya, fiffike ya tafi dama. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a zahiri, da matsin mai. Sannan ba a ba kwamfutocin ikon kashe junansu ba. Su dai su nuna yatsa. Mutum ne zai miƙa hannu ya kashe wadda ake zargi, saboda masu ƙirar sun ji tsoron ranar da mai laifin za ta riga sauran ta kashe masu gaskiya.

Duk wannan yana maganin lalacewar ƙarfe ne: waya ta tsinke, wani abu ya ƙone, ma'adana ta rikice. Amma akwai ramin da bai rufe ba. In mutum huɗu suka zo gaban alƙali suka ba da shaida iri ɗaya, kalma bisa kalma, sai aka bincika aka ga dukkansu daga bakin mutum ɗaya suka ji labarin, to shaidu nawa ke nan? Ɗaya ne. In wancan mutumin ya yi kuskure, su huɗun za su rantse a kan kuskuren da zuciya ɗaya. Manhajar huɗun nan ƙungiya ɗaya ce ta IBM a Houston ta rubuta ta. Kuskure ɗaya a cikinta zai kayar da su a sakan ɗaya, kuma babu fitilar da za ta kama, domin babu saɓani.

Saboda haka aka ajiye ta biyar. Akwatinta iri ɗaya ne da na sauran, amma abin da ke cikinta wasu mutane dabam ne suka rubuta, a ƙarƙashin kamfanin Rockwell wanda ya ƙera jikin kumbon. Manhajarta ƙarama ce, ba ta san komai ba sai abin da zai kai kumbo sama, ko ya juyo da shi in tafiya ta ɓaci, ko ya sauko da shi gida. Tana sauraron duk bayanan da ke wucewa, tana yin nata lissafin a gefe, tana taimakawa da sa ido a kan lafiyar wasu na'urori, amma ba ta taɓa tuƙi. A kan sandar tuƙin kwamanda da ta mataimakinsa akwai maɓalli. In aka danna shi, an sallami huɗun nan gaba ɗaya, ta biyar ta karɓi ragama. Shawara ce mai nauyi, kuma an bar ta a babban yatsan ɗan Adam.

Wanda yake ganin wannan tsoro ne ya yi yawa, ya dubi abin da ya faru a Kourou, a yankin Guiana na Faransa, ranar 4 ga Yuni, 1996. Rokar Turai sabuwa fil, Ariane 5, tafiyarta ta farko, ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu na binciken kimiyya. Na'urar da ke gaya mata inda ta dosa guda biyu ce, ɗaya tana aiki ɗaya tana jiran ko-ta-kwana, kuma manhajarsu ɗaya, wadda aka gado daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance, sai wata lamba ta yi girman da ta kasa shiga gurbin da aka tanadar mata. Ta ko-ta-kwanan ce ma ta fara faɗuwa, ta aikin ta bi ta cikin ƙiftawar ido, da ciwo iri ɗaya. Babbar kwamfutar ta ɗauki saƙon kuskuren a matsayin bayanin hanya, ta murɗe bututun wuta iya murɗewa, roka ta karye ta tarwatse kamar sakan 40 da tashi. Wani abin takaicin, ɓangaren manhajar da ya jawo wannan ba shi da wani aiki bayan roka ta bar ƙasa. An bar shi yana gudana ne kawai domin haka aka saba.

Labarin da ya fi kusa da sana'ata kuwa na watan Disamba ne, 1983. Columbia ce dai, John Young ne dai kwamanda, da mutum shida a ciki har da Bajamushe Ulf Merbold. Ranar 8 ga wata, ana shirin dawowa, aka kunna ƙananan rokokin hanci domin gyara zaman kumbon. Da jijjigar ta ratsa, kwamfuta ta ɗaya ta ɗauke. Bayan 'yan mintoci ta biyu ta bi ta. An samu an tayar da ta biyun, ta ɗayan ta ƙi, aka jinkirta sauka kusan awa takwas ana nazari daga ƙasa. Sun sauka lafiya a Edwards, kuma tayar gaba tana dukan ƙasa ta biyun ta sake mutuwa. Da aka buɗe akwatunan, ɓurɓushin dalma aka samu. Ɗan guntun da ya ɓalle, wanda a ƙasa zai kwanta a lungu shekara da shekaru bai dami kowa ba, a can da babu nauyi sai ya tashi yana yawo har ya haɗa ƙafafu biyu da bai kamata su haɗu ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen dalma ya san wannan mugun. Inbata ta zo tana aiki yau, gobe ta ƙi, ka auna komai daidai, sai ka ɗaga fanel ɗin ka karkata shi a haske ka ga ɗan ƙwallon dalma kamar ƙwayar gero ya maƙale tsakanin layi biyu. Yaran da ke koyon aiki a wurina sun gaji da jin in sun gama liƙi su goge, su karkaɗe, su duba da madubi. Ina gaya musu cewa masu farin kaya da safar hannu a Owego ma abin ya taɓa kufce musu.

Sai a 1991 aka sauya kwamfutocin da sabon nau'i, AP-101S. Akwati biyu ya koma ɗaya, gudu ya haura umarni miliyan guda a sakan, ma'adana ta kai kamar megabait ɗaya, aka bar zobban maganaɗisu aka koma irin ta zamani, wadda sai da aka haɗa mata batir da tsarin da ke bi yana gyara lambobin da haskokin sama suka juya. Da wannan aka ƙarasa har tafiya ta ƙarshe a watan Yuli, 2011, lokacin da waya mai shafawa ta riga ta cika aljihun mutane. A 2002 har jaridu sun ba da labarin NASA tana neman tsofaffin ƙwaƙwalen Intel 8086 a kasuwar intanet ta eBay domin na'urorin gwajinta na ƙasa. Mutane sun yi ta ba'a. Ni ban ga abin dariya ba. A wannan fage da tsohuwar zuma ake magani, saboda sauya kwamfuta yana nufin sake tabbatar da kowane layi na manhaja daga farko, kuma abin da aka shekara ashirin ana tankaɗe shi ya fi sabon da ba a san inda zai yi tuntuɓe ba. Har yau haka ake yi. Motocin Curiosity da Perseverance da ke yawo a duniyar Mars suna aiki da RAD750, wadda asalinta ƙwaƙwalwar kwamfutocin Apple ce na ƙarshen shekarun 1990, aka sake gina ta ta jure haskoki. Kowace mota tana da biyu, kuma a 2013 Curiosity ta koma kan ta biyun da ma'adanar ta farko ta samu matsala.

Ban ce sabon abu ba ya aiki ba. Ɗan jirgi mai saukar ungulu da aka aika Mars, Ingenuity, ƙwaƙwalwar wayar hannu ce a cikinsa, Snapdragon 801. An shirya masa tashi biyar, ya yi 72. Amma ba ya ɗauke da kowa, kuma tun farko an yarda in ya faɗi ya faɗi.

To, maɓallin nan na kan sanda fa? A tafiya 135 cikin shekara talatin, ba a taɓa danna shi a sama ba. Kumbo biyu sun halaka da mutum bakwai-bakwai, Challenger a 1986 da Columbia a 2003, kuma babu hannun kwamfuta a ko ɗaya: na farko zoben roba ne da sanyi ya sandarar, na biyu guntun soso ne da ya fasa fiffike. Masanin kimiyya Richard Feynman, wanda ya yi wa NASA tatas a rahoton binciken Challenger, masu rubuta manhajar nan ne ya ware ya yaba wa. Ƙungiyar Houston ta yi aikinta da kyau har ta biyar ba ta samu ranar fita ba.

Daga nan ne gardama take. Wasu na cewa kuɗin da aka kashe a kan manhaja ta biyu da an zuba shi wajen ƙara tace ta farko. Kuma suna da hujja mai ƙarfi. A 1986 wasu malaman jami'a biyu, John Knight da Nancy Leveson, suka ba ɗalibai aiki ɗaya, kowa ya rubuta tasa manhajar ba tare da ganin ta wani ba, aka samu 27. Da aka gwada su sau miliyan, sai aka ga suna yawan faɗuwa a wuri ɗaya fiye da yadda sa'a kawai za ta kawo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: inda ke da wuya yana da wuya ga kowa, kuma in takardar da ta bayyana aikin ce ke da kuskure, duk wanda ya bi ta zai kwafe shi, ko daga wane gari ya fito.

Masu jiragen fasinja, waɗanda suka gaji wannan fasaha daga soja da NASA, sun rabu biyu a kan maganar. Airbus, a jirgin A320 da ya fara jigila a 1988, ya saka kwamfutocin tuƙi iri biyu, ƙwaƙwalwa daban, masu rubutu daban. Boeing, a jirgin 777 na 1995, ya saka ƙwaƙwale iri uku daga Intel da Motorola da AMD, amma ya fasa raba masu rubutun, ya tara su wuri ɗaya a kan manhaja ɗaya. Duk wanda ya taɓa hawa ɗaya daga cikin jiragen nan, ko zuwa Legas ko zuwa Jidda, ya zauna a kan ɗaya daga cikin amsoshin biyu bai sani ba, kuma dukkansu sun yi shekaru suna kai mutane suna dawo da su.

Ni dai ina bayan ta biyar, ko da an nuna mini cewa kariyarta ba cikakkiya ba ce. Knight da Leveson sun nuna hannu daban-daban suna iya yin kuskure iri ɗaya wani lokaci. Kwafi huɗu na hannu ɗaya kuwa kullum tare za su yi shi. Akwai kuma wata riba da ba ta shiga lissafin kuɗi: in ƙungiya biyu suna gina abu ɗaya daga takarda ɗaya, duk inda amsarsu ta saɓa dole a koma a tambayi takardar me take nufi, kuma a nan ake kama abubuwan da mutum ɗaya zai karanta sau goma bai gani ba. A watan Fabrairu, 2007, ayarin jiragen yaƙi na F-22, sababbi masu tsada a rundunar Amurka a lokacin, suna kan hanya daga Hawaii zuwa Okinawa a Japan, suka tsallaka layin da kwanan wata ke sauyawa a tsakiyar tekun Pasifik. Na'urorin nuna hanya suka ɗauke a jiragen a tare, har da wani ɓangare na sadarwa. Manhajarsu ɗaya ce, babu wanda zai nuna wa wani hanya. Jiragen dakon mai da ke rakiyarsu suka bi da ido har suka koma Hawaii.